Garin Da Kawu Ɗanlami Ya Ɗinka

"Kai, ɗaga ƙafarka, ka taka masallaci."

Duk wanda ya tashi a layinmu na bayan tasha a Kankia ya san wannan magana, ya kuma san bakin da take fitowa. Kawu Ɗanlami Tela ne, ƙanen mahaifiyata, yana tsugune a ƙofar shagonshi ran Alhamis bayan la'asar. Ya share ƙasa fes, ya ɗauki tsinken kara yana zana gari. Kuma ba ruwanshi da ko wane ne kai. Na ga ranar da ya faɗa ma wani Alhaji haka, mutum ya fito daga mota da babbar riga ya zo karɓar ɗinki. Alhajin ya dubi ƙasa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, bai ga masallaci ba.

"Koma da baya," in ji Kawu, "ka biyo ta hanyar shanu. Nan baƙi ke bi."

"Malam Ɗanlami, kaftanina na zo karɓa. Gobe ɗaurin aure a Kusada."

"Yo ai ba ni nan, Alhaji. Ina Kwarin Goruba. In na dawo da magariba ka same ni."

Wallahi sai da bawan Allahn nan ya tattare riga ya zagaya ta hanyar shanu, ya zauna kan benci yana huci. Kafin a tashi shi ne ke tambayar yara, "To wai wa ya ɗauke takalmin ladanin?"

Kwarin Goruba dai gari ne da babu shi a ko'ina sai cikin kan Kawu. Yana da rijiya ɗaya, da kasuwa, da masallaci, da maƙera, da wata tsohuwar goruba a tsakiya. Kuma gari ne da ba ya mako guda wani abu bai ɓace ba. Yau takalmin ladan, gobe ludayin mai fura, jibi a wayi gari an aske ma jakin sarkin pawa wutsiya. Manyan garin su yi ta shirme, dogari ya kama wanda ba shi ba, sai wata yarinya 'yar shekara tara mai suna Tani ta fito da akuyarta Kyalla, su bi sawu, su duba abin da kowa ya tsallake, su gano gaskiya kafin a kira magariba. Mu kuwa muna zagaye da zanen, baki buɗe, ƙuda na shiga yana fita.

Ga wanda bai sani ba, gara in faɗa tun yanzu kafin dariya ta ɗauke mu. Tani ba ƙirƙira ba ce. Ɗiyar Kawu ce da matarshi Inna Delu, ita ce ta fari, kuma daga ita Allah bai sake ba su ba. Ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara tara, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, tun ba a haife ni ba. Kun san kunyar ɗan fari a wurin mutanenmu na da. Ba a kiran sunanshi, ba a wasa da shi a gaban mutane. Mahaifiyata ta ce duk zaman yarinyar nan a duniya ba ta taɓa jin Kawu ya kira ta da suna ba, sai "ke", sai "yarinyar nan". Inna Delu kuwa ta fi shi, "waccan" take cewa. Bayan rasuwar ya yi watanni ba ya magana sai gaisuwa. Ran nan wata Alhamis ya fito ya share ƙofar shago, ya kira yaran layi. A Kwarin Goruba babu kunyar ɗan fari, don haka ya dinga kiran sunan nan har maƙogwaronshi ya bushe, sama da shekara arba'in.

Ni kuma damuwata ɗaya ce tun da na yi wayo. Garin nan kaf, da Tani a cikinshi, a kan mutum ɗaya yake, kuma mutumin ya rantse ba za a rubuta ba. Nakan dube shi yana tari a kan keken ɗinki in ce a raina, ranar da wannan tsoho ya faɗi, yarinyar nan za ta sake mutuwa. Shi ya sa muka yi ta fafatawa da shi, har ya laƙaba mani Rakiya Gardama.

Amma bari in fara da ƙyallaye, don su ne tubalin garin. Kawu bai taɓa zubar da ƙyalle ba a rayuwarshi. Ko guntun da bai kai kunnen ɓera ba, sai ya kaɗe shi ya jefa a buhu. Buhuna ne jibge a shagon har abokin ciniki ba ya samun wurin miƙe ƙafa. In ka ce, "Malam Ɗanlami, a share sharar nan mana," sai ya tsayar da keke ya dube ka ta saman tabarau.

"Ƙyalle ba shara ba ne. Riga ce da ba ta samu mai ita ba."

In yaro ya lizimci zuwa ran Alhamis, Kawu ya ga ba na wasa ba ne, sai ya zura hannu cikin buhu ya zaro ƙyalle kamar tafin hannu, ya damƙa mashi. Ya ce, wannan gidan wane ne, yana gabas da rijiya, ƙofarshi na kallon kudu, akwai kare amma ba ya cizo, ka riƙe. Shi ke nan ka zama mai gida. Kullum Alhamis za ka zo da ƙyallenka, ka shimfiɗa shi a wurinshi cikin zanen, ka danne da tsakuwa. Kafin a fara labari sai ya bi mu ɗai-ɗai yana tambaya, "Ya mutanen gidanka?" Kai kuma ka zayyano duk abin da ya taɓa faruwa a gidan nan cikin labaran baya. Ka kuskure, ya gyara maka, ka maimaita. Ni koren atamfa na samu mai zanen ganye, gidan mai ƙosai, jikin rijiya. Har gobe na san cewa kaskonta ya taɓa ɓacewa aka same shi a kan rumbu kaza ta yi ƙwai a ciki.

In ka girma ka bar gari, ba ya karɓe gidanka. Sai ya zana da'ira a wurin ya ce mutanen sun tafi ci-rani. Sabbin yara kuma a yanka masu sabbin gidaje. Haka garin ya yi ta faɗi har ya cinye rabin hanya, 'yan acaɓa na wucewa suna tsaki, shi ko yana ce masu su rage gudu akwai makaranta.

Kun tuna gobarar gidan Sanusi? Sanusi ɗan Gwaggo Mairo maƙwabciyarmu, shi ke riƙe da gidan maƙeri. Wata Alhamis ya zo hannu biyu ba ƙyalle, majina har baki. Ashe uwar ta tashi hura wuta, iccen ya jiƙe, ta ga wani tsumma ƙarƙashin matashinshi, ta tsoma a kalanzir ta cusa a murhu. Kawu ya saurare shi tsaf, ya cire hula ya mayar.

"Inna lillahi. Yara, an yi gobara a Kwarin Goruba."

Nan take labarin ranar ya sauya. Tani ta isa gidan maƙeri, Kyalla na sansana toka. Ta ji warin kalanzir. Ta ga sawun silifa da dunduniyar hagu ta cinye. Ta ga ɗigon miyar kuka a bakin zaure. Ai tun daga silifan muka fara waiwayen gidan Gwaggo Mairo, don kowa ya san tafiyarta. Tani ta ce ba ɓarawo ba ne, ba mahassadi ba ne, wata baiwar Allah ce mai gaggawar tuwo. Washegari yara na ganin Gwaggo Mairo a bakin famfo suka fara raɗa. Kafin azahar ta yafo mayafi ta dira a shagon.

"Ɗanlami, ni za ka sa yara su riƙa kira mai ƙone gari?"

Ko tsayar da keken bai yi ba. "Ni ban kama suna ba, Mairo. Amma tunda kin kawo kanki, Tani ta huta."

Ta yi masifarta ta gaji, yana ta taka kekenshi. Da yamma sai ga Sanusi da gefen zanin uwar, ta yanko mashi da kanta a sake gina gidan maƙeri. Kawu ya juya ƙyallen ya ce ginin ya fi na da kyau, Allah ya ƙara mamu irin wannan gobara.

Dokokin garin nan biyu ne, kuma ba ya sassauta su ma kowa. Ta farko, ba a dukan ɓarawo. Ya ce ɓarayin Kwarin Goruba biyu ne kacal, yunwa da mantuwa, kuma duka ba ya maganin ko ɗaya. Ta biyu, ba a mutuwa. In tsoho ya tsufa ƙwarai a labari har ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya tura shi aikin Hajji ya ce ya samu wuri ya zauna. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Kawu, wane irin gari ne wannan babu maƙabarta?"

Ya ci gaba da zane bai ɗago ba. "Fili ya ƙare," ya ce.

Sai kuma labarin ma'aikacin allurar rigakafi, wanda har yau in na tuna sai na yi dariya. Saurayi ne baƙo, sabon zuwa, mai son aikinshi. Yana bi gida-gida da akwatin sanyi a bayan babur, ya tarar da yara a ƙofar shagon ya tambaye su inda suke zaune. Wannan ya ce gidanshi na Kwarin Goruba, waccan ta ce ita ma. Ya duba takardarshi bai ga garin ba. Ya tambayi yawan yaran can, suka ce ai ba su ƙirguwa. Hankalinshi ya tashi, ya shiga shago ya yi sallama.

"Baba, don Allah ina hanyar Kwarin Goruba?"

Mutumin kirki da sai ya yi dariya ya faɗa mashi gaskiya. Kawu kuwa ajiye almakashi ya yi, ya fito har bakin hanya yana nuni da hannu. "Ka ɗauki hanyar Kusada. In ka kusa ƙauyen Boko ka saki hanya ka yi hagu. Za ka ga goruba mai kai biyu. Daga nan ko makaho ya kai kanshi."

Alhamis ce ta damina, an kwana ana ruwa. Yaron nan bai dawo ba sai bayan la'asar, taɓo har gwiwa, babur ɗin yana tari kamar mai shi.

"Baba, goruba na gani sun fi ɗari, kuma kowace kanta biyu ne ko uku."

"Af, to ka wuce shi."

Inna Delu ce ta cece shi. Tana jin su daga cikin gida ta ɗaga murya ta bayan ƙyaure, "Yaro, kar ka biye ma tsohon nan. Garin yana nan ƙarƙashin ƙafarka, ka ma taka kasuwa." Ya dubi ƙasa, ya dubi Kawu, ya rasa ko kuka zai yi ko dariya. Kawu ya sa aka kawo mashi fura, ya wanke mashi wando da hannunshi, ya kama mashi inda ƙaya ta yaga. Da zai tafi ya dafa kafaɗarshi ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana. Na so ne in ga ko akwai mai zuwa don yaran can. Da irinka sun zo da wuri, da ban gina garin ba." Yaron bai gane ba. Mu da muka sani muka sunkuyar da kai.

Rigimarmu ta rubutu ta fara ne da na shiga sakandare a Katsina. A ɗakin karatun makarantar na ci karo da wasu tsofaffin littattafan Turanci, jerin su guda, duk labarin wasu yara ne masu gano ɓarayi a wani ƙaramin gari da marubucin ya ƙirƙira. Garin babu shi a taswira, amma yaran duniya sun san titunanshi. Na ce yawwa, yau na kama Kawu. Na aro ɗaya na zo da shi hutu, na zauna kan buhun ƙyalle ina karantawa ina fassara mashi. Ya saurara da allura a baki, har ya gyaɗa kai wuri biyu.

"Garin nasu akwai rijiya?"

"Famfo gare su, Kawu."

"Wa ke da gidan da ke jikin kasuwa?"

"Ba a faɗa ba."

"Gari guda ba a san mai gidan jikin kasuwa ba. To in marubucin ya mutu, wa ke riƙe da garin?"

Na ɗaga littafin sama, ina jin na yi nasara. "Wannan. Shi ya sa nake cewa ka bari in rubuta naka."

Ya karɓa, ya juya bayanshi, ya buɗe wajen ƙarshe inda gara ta huda shafuka ta ci rabin wani babi. Ya nuna mani da ɗan yatsa. "Ga mai gadin nan har ya fara cin amana." Sannan ya miƙo mani. "Rakiya, yaro mai girma ba a ɗinka mashi riga cif-cif. In kin rubuta kin ɗinke. Ina za mu sa gidajen waɗanda ba a haifa ba?"

Shekaru suka wuce, na yi aure, na fara koyarwa, waya ta zo. Na dawo mashi da sabuwar dabara, na ce ba rubutu, muryarshi kawai za a ɗauka. Ya ce a sa mutanen gari guda cikin waya, in caji ya ƙare su zauna a duhu? Wata Alhamis na kunna ta a ɓoye na cusa cikin hijabi, na zauna bayan yara kamar mutuniyar kirki. Yana cikin labari sai ya tsaya ya shaƙi iska.

"Kyalla ta tsaya. Ta ce tana jin warin wata baƙuwa da ta shigo da niyyar sace gari a hammata."

Yara suka juyo gaba ɗaya. Ni mai 'ya'ya uku a lokacin, na fito da waya na kashe, ana ta yi mani dariya. Da aka watse raina ya ɓaci, na faɗa mashi abin da ke cina ba kwana-kwana.

"Kawu, in ka mutu fa?"

"Sai a binne ni."

"Garin nake nufi. Da Tani."

Ya daɗe yana naɗe zare a ɗan yatsa. "Ke da gidanki, me ya dame ki da na wasu? Riƙe naki."

Na tafi ina ƙunƙuni, ina cewa taurin kan tsohon nan sai Allah.

Inna Delu kuwa, a iya saninmu, babbar maƙiyiyar Kwarin Goruba ce. Ba ta taɓa fitowa ta zauna ba ko sau ɗaya. Takan ce garin da ko zangarniya ɗaya bai taɓa kawowa gidan nan ba. Ana tsakiyar labari sai ka ji ta daga ciki, "A gaya ma sarkin Kwarin Goruba icce ya ƙare." Shi kuma ya ce, "A ce mata mun aiki Kyalla." Kuma wani abu da muke yi mashi tsiya a kai, kullum baya yake ba titi, ya fuskanci ƙofar zauren gidan, ya yi ta ɗaga murya kamar mai kiran salla, alhali ga mu nan a gabanshi gwiwa da gwiwa. Muka yanke hukunci kunnenshi ne ya fara tafiya.

Akwai kuma wuri ɗaya a zanen, gindin goruba, da yake aje tsakuwa babu ƙyalle a ƙarƙashinta. Gidan su Tani ke nan. Kowane sabon yaro sai ya tambaya, amsar kuma ɗaya ce: "Mai ƙyallen ba ta kawo ba tukuna." Na taɓa ce mashi ga buhuna har rufi, ya zaro ɗaya mana ya sa. Ya ce wannan gida ba na buhu ba ne.

Daminar bana, gero ya kai ƙugu, jikin Kawu ya ƙi. Alhamis ɗin ƙarshe a kan kujera ya ba da labari, yara suka yi mashi zanen, yana faɗa cewa sun karkatar da hanyar shanu. Ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinshi. Ina tsaye ana fita da shi, abin da ke raina kunya ma nake ji in faɗa. Ba tsohon kaɗai nake kuka ba. Cewa nake, shi ke nan, ya tafi da su duka.

Kwana bakwai ya faɗo ran Alhamis. Da zan taho daga Katsina na buɗe akwati na ɗauko koren ƙyallena na ƙulle a bakin zani, ban gaya ma kowa ba, kar a ce uwar mata ta zare. Bayan an yi addu'a an watse, mu da muka tashi a ƙofar shagon muka shiga tsakar gida gaida Inna, tana zaune bakin ɗakinta cikin takaba. Sai Sanusi, wanda yanzu direban babbar mota ne da tumbi da furfura, ya yi gyaran murya ya ce, "Yau fa Alhamis." Ya cire hula, ya zaro gefen zanin Gwaggo Mairo daga cikinta.

Jama'a, ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciyar ba. Wannan ta kwance bakin mayafi, wancan ya buɗe walat. Wata da ke aure a Kusada ta zo da nata da na ƙanenta soja da ya aiko. Wani da ke Legas ya turo hoton nashi a waya, muka zana mashi da'ira muka ce ya tafi ci-rani. Sanusi ya karɓi tsintsiya ya share tsakar gida, ƙasar da laushi don an yi yayyafi da safe. Aka fara gardamar inda rijiya take, na ce kowa ya yi mani shiru, a jikinta na tashi. Yaran yanzu suka gyara mamu sabbin unguwanni, mu muka nuna masu tsohon gari. Kowa ya danne gidanshi da tsakuwa ya zayyano abin da ya faru a ciki. Labarin da na manta rabinshi, maƙwabcina na riƙe da sauran. Kafin rana ta karkata ga Kwarin Goruba kwance a gabanmu, tun daga maƙera har hanyar shanu, babu lungun da ya ɓace. Sai a lokacin na gane abin da yake nufi da in riƙe nawa. Na ce a raina, tsohon nan ya kayar da ni yana kabari.

Saura wuri ɗaya. Sanusi ya aje tsakuwa a gindin goruba, ba komai a ƙarƙashinta, yadda aka saba.

Inna Delu ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da wani abu a dunƙule cikin hannu, ta ce, "Ku matsa, kun tare hanya." Ba ta tsallaka ko gida ɗaya ba. Ta bi ta gaban masallaci, ta karya ta bayan kasuwa, ta zagaye rijiya, kamar wadda ta shekara tana bin hanyar. Ta durƙusa a gindin goruba ta warware. Rawayar atamfa ce mai ƙananan furanni, hannun rigar yarinya, an yanka ba a haɗa ba. Rigar Sallar da Kawu ke ɗinkawa ce. Ta shimfiɗa, ta lallashe shi da tafin hannu, ta danne da tsakuwar.

Wata 'yar ƙarama cikin yaran layi, da ba ta san komai ba sai doka, ta ce, "Inna, ya mutanen gidanki?"

Na kai hannu zan rufe mata baki. Inna ta ɗaga mani hannu.

"Lafiya lau suke," ta ce. "Tani tana nan. Ta ƙi cin tuwo sai an sa mata man shanu, halinta dai."

Mahaifiyata da ke gefe, tsohuwa mai shekara tamanin, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce tun da aka raɗa ma yarinyar nan suna, yau ne ta fara jin shi a bakin uwarta.

Inna ba ta tashi ba. Ta ce ranar da Kawu ya fara share ƙofar shagon ya ba ta hannun rigar, ya ce in ta shirya ta kawo. Kullum Alhamis sai ta ɗauko shi, ta kai bakin zaure, ƙafarta ta ƙi, ta zauna bayan ƙyaure da faifan tsintar shinkafa har a tashi. "Ya sani. Yana jin motsin ƙyauren. Ku kun ɗauka kurma ne? Ni yake ba labari. Ku dai albarkaci kuka ci."

'Yar ƙaramar nan ta sake tambaya, "To Kawu fa, ina gidanshi? Ba shi da ƙyalle."

Inna ta ɗora yatsa a kan rawayar atamfar. "Nan. Ina za shi?"

Muna cikin share hawaye sai ga ƙanen Inna ya iso daga Fakuwa, dattijo da sanda, ya yi sallama ya shigo kai tsaye yana jero gaisuwar ta'aziyya. Inna ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kai, ɗaga ƙafarka, ka taka masallaci."

Dattijon ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Muka fashe da dariya a gidan makoki, muna yi muna neman gafara, har Sanusi ya zauna a kan kasuwa aka tashe shi.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe mashi kurakuranshi, har da wahalar da ya ba yaron nan mai babur. Allah ya haskaka kabarinshi, ya sada shi da Tani a gidan da ba a rabuwa, ya kira ta da sunanta ta amsa. Inna Delu kuma Allah ya ba ta haƙuri da tsawon rai, don ta ce Alhamis mai zuwa kowa ya zo da ƙyallenshi. Amin.